Rabuwar Masu Hannu Da Shuni: Ikko Ko Landan?

Idan talaka ya saki matarsa, rabon kaya ba ya cin yini guda: ta kwashe gadonta da kwanukanta, ya riƙe ɗakinsa. Rabuwar masu dukiya kuwa wani abu ne dabam, domin tun kafin a tambayi wane ne mai laifi sai an tambayi wace kotu ce za ta saurari maganar.

Shari'ar Agbaje ta isa misali. Miji da mata ne 'yan Nijeriya da suka yi aure a Landan cikin 1967, suka haifi 'ya'ya biyar. Dukiyarsu ta kai wajen fam 700,000, kuma mafi yawanta gidaje biyu ne a Landan. Mijin ya riga shigar da ƙara a Ikko. A 2005 kotun Ikko ta raba auren, ta ba matar ikon zama a wani gida har iyakar ranta, watau gidan ba mallakarta ba ne, da kuɗi kimanin fam 21,000. Bayan zaman shekara 38 ke nan!

Matar ba ta haƙura ba. Akwai wata dokar Ingila ta 1984 wadda ta yarda wanda aka raba aurensa a wata ƙasa ya nemi hakkinsa a can, muddin ya cika shekara guda yana zaune a ƙasar, ko kuwa akwai gidan da suka yi zaman aure a cikinsa. Alƙalin Ingila ya ba ta wajen fam 275,000 daga kuɗin ɗaya gidan, da sharaɗin ta saki na Ikko. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, amma a 2010 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta maido mata da shi.

Me ya kawo wannan rata? Dokar aure ta Nijeriya ta 1970, wadda ta shafi auren rajista kaɗai, ta ba alƙali ikon raba dukiya yadda ya ga adalci. Sai dai alƙalai sun daɗe suna neman mace ta kawo shaidar abin da ta zuba a ginin gida, alhali ba a ba da rasit a kan girki da reno. A Ingila kuwa, tun shekarar 2000 manyan alƙalai suka yanke cewa ba za a fifita mai nemo kuɗi a kan mai riƙon gida ba.

Kada attajirin Kano ko na Kaduna ya ce wannan maganar masu auren coci ce. Gaskiya ne a shari'ar Musulunci dukiyar miji tasa ce, ta mata tata ce. Abin da ke kansa shi ne ragowar sadaki, da ciyarwa cikin idda idan sakin na kome ne, da ɗawainiyar 'ya'ya. Amma fa dokar 1984 ba ta ware saki irin na Musulunci ba, in dai Ingila ta amince da ingancinsa. Wanda ya ajiye uwargida a Landan shekara da shekaru don karatun yara, yana iya rubuta takardar saki a Kano, sammaci ya same shi daga can. Ɓoye gidan a ƙarƙashin sunan kamfani ma ba lalle ya fisshe shi ba: a 2013 Kotun Ƙolin ta umarci kamfanonin wani ɗan kasuwar mai haifaffen Nijeriya, Michael Prest, su miƙa wa tsohuwar matarsa gidaje bakwai, domin ta gano a haƙiƙa nasa ne.