Makaɗan Sahara na Jos: Mun Ci Amanar Namu

Ina gaida 'yan'uwa na Agege da Idi Araba da Obalende, da na Sabon Badun, da na Fatakwal da Anaca, da duk inda neman abinci ya kai ɗan Arewa a ƙasar Kurmi. Yau maganata a kan kiɗa take, amma kada mai karatu ya yi saurin juya shafi, don akwai abin da ya shafi zamanmu a cikinta.

Kwanakin baya na shiga wani shagon gyaran waya a nan Ikko, sai na ji wani kiɗa yana tashi wanda rabona da shi ya fi shekara 40. Na tsaya cik. Yaron shagon, Bayarabe ne wanda bai wuce jikana ba, ya ce, "Baba, ka san su ne? Ai mutanenku ne, 'yan Jos." Na ce na san su mana, Sahara All Stars ke nan. Da na koma gida na tambayi 'ya'yana da maƙwabtana 'yan Arewa, ba wanda ya taɓa jin ko da sunansu. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai sani ba, Sahara All Stars ƙungiyar makaɗan zamani ce da ta yi zamaninta a Jos cikin shekarun 1970. Kamfanin EMI ya buga musu babban faifai a 1976, shekarar da aka raba Jihar Binuwai da Filato gida biyu. Kiɗansu haɗin gambiza ne mai daɗi: ga hailaif, ga salon Afrobit irin wanda Fela ya yi suna da shi, ga kuma ɗan ɗanɗanon kiɗan baƙaƙen Amurka irin na James Brown. Masu busa su taso tare kamar da baki ɗaya, jita tana tafe a ƙasa ba gaggawa, mai ganga yana riƙe da kowa. In ka saurari Feso Jaiye za ka ji ta a sanyaye kamar yammacin Jos, in kuwa ka sa Take Your Soul ko Enjoy Yourself, ko kana da ciwon gwiwa sai ƙafarka ta motsa. Wana ne ya fara kawo faifan gidanmu, muka yi ta juya shi a garmaho har allura ta cinye shi.

To, me ya sa makaɗa masu hannu irin wannan ba su yi suna ba? A ganina dalilai uku ne, kuma na ukun shi ne laifinmu.

Na farko, nisa da bakin kasuwa. A wancan zamani manyan kamfanonin faifai, wato EMI da Decca da Phonogram, duk a Ikko suke zaune, haka ma manyan jaridun da ke yabon makaɗi har ya ɗaukaka. Mai kiɗa a Jos sai ya kwana a hanya kafin ya iso inda za a ɗauki muryarsa, in ya gama ya koma gida, ba mai sake waiwayarsa. Ga kuma giwaye a fili: Fela, da Sunny Ade, da Ebenezer Obey. Wa zai ji kukan ɗan tsako a inda zakaru ke cara?

Na biyu, zamani bai jira su ba. Shekarun 1970 shekarun kuɗin mai ne, ma'aikata sun sami Udoji, gidajen rawa sun cika. Da aka shiga shekarun 1980 sai abubuwa suka juya. Kaset ya kori faifai, masu satar fasaha suka cika kasuwa da kwafi, kuɗin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, tsarin SAP ya biyo baya a 1986. Riƙe ƙungiya mai mutum da yawa, kowa da kayan kiɗansa na ƙasar waje, kowa da iyalinsa, ya zama abin da ba ya yiwuwa sai ga mai ƙarfi. Ƙungiyoyi da dama a duk faɗin ƙasar nan haka suka watse.

Na uku kuwa, mu 'yan Arewa ba mu ɗauke su namu ba. In aka ce kiɗan Arewa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne kalangun Mamman Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos. Allah ya jiƙansu, sun cancanci duk yabon da aka yi musu, ni ma ba na gajiya da su. Amma mai jita da ƙaho sai muka ce ai wannan ɗan gidan rawa ne, kiɗan 'yan Kudu yake yi. Mutanen Ikko kuma suna ganinsu 'yan can sama ne, 'yan ƙauye. Suka zama jemage, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba.

A nan nake so 'yan'uwana mazauna Kudu su dubi abin da kyau. Jos gari ne da kuza ta tara wa jama'a. Tun da Turawa suka buɗe haƙar ma'adinai, jirgin ƙasa ya iso, Birom da Anaguta da Afizere suka sami baƙi daga ko'ina: Hausawa, Fulani, Ibo, Yarbawa, Urhobo, Tibi, kowa da harshensa da kiɗansa. Wannan cakuɗa ita ce ake ji a faifan nan. Sunan waƙa da Yarbanci, wata da Turanci, amma sunan ƙungiya Sahara, kuma suka liƙa Jos a jikin sunan don kowa ya san inda suka fito. Sun yi alfahari da Arewa, Arewa ba ta yi alfahari da su ba.

Mu fa a nan me muke nema? Wanda aka haifa a Agege ko a Sabon Badun, ubansa ma nan aka haife shi, yana jin Yarbanci kamar Bayarabe, ba abin da ke ƙona masa rai kamar a ce masa baƙo. To, in muna so a lissafa mu cikin 'yan gari a nan, yaya za mu ƙi lissafa wanda ya zauna a garinmu, ya yi sana'arsa, ya ɗaga sunan garin? Abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi wa wani. Wannan rabe-rabe na ɗan ƙasa da baƙo mun ga inda ya kai Jos a watan Satumba na 2001 da shekarun da suka biyo baya. Wanda ya san garin kafin nan, in ya ji faifan Sahara, ba rawa kaɗai zai tuna ba.

Abin kunya kuma, sai da bare ya zo ya nuna mana darajar kayanmu. A 2001 wani kamfanin Landan mai suna Strut ya tattara kiɗan Nijeriya na da a wani kundi da ya kira Nigeria 70, ya sa Enjoy Yourself a ciki, tare da Ikon Allah ta marigayi Bala Miller. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da Feso Jaiye da Take Your Soul a nasa kundayen. Yau matasa a Turai da Amurka suna rawa da kiɗan Jos, ɗan Jos kuwa bai sani ba.

Ba mu kaɗai irin wannan ta taɓa samu ba. A birnin Memfis na Amurka an yi wata ƙungiya, Big Star, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1972. Masana suka yaba, amma rabon faifan zuwa kantuna ya sami tangarɗa, masu nema ba su samu ba, ƙungiyar ta watse ba ta ga riba ba. Bambancin shi ne, 'yan ƙasarsu ne da kansu suka tono su daga baya, makaɗan da suka biyo bayansu irin su R.E.M. suka riƙa faɗin cewa daga gare su suka koya. Mu namu manyan mawaƙan da Jos ta raina, irin su P-Square da M.I da Ice Prince, ya kamata a ce sun san akwai waɗanda suka share musu fili tun kafin a haife su.

Na san wani zai ce, Malam, kiɗan gidan rawa ne kake wa wannan dogon bayani? Ina girmama mai wannan ra'ayi, ban kuma ce kowa ya saurara dole ba. Amma adana tarihi daban, zuwa gidan rawa daban. Wani kuma zai ce ai kwaikwayon Fela suka yi. Gaskiya ne akwai inuwar Fela a kiɗansu, kamar yadda take a kiɗan kusan kowa a lokacin, ban kuma ce sun fi shi ba. Sai dai wanda ya saurara da kunnen basira zai ji suna da nasu taku, mai natsuwa, wanda ba irin na Ikko ba ne.

Don haka ga roƙona. Gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato ya ware lokaci ya riƙa sa irin waɗannan faya-fayai, ya nemi dattawan da suka ga zamanin su ba da labari tun suna raye. Jami'ar Jos da gidan tarihi na Jos, wanda ke nan tun 1952, su buɗe ma'ajiyar tsofaffin faya-fayai. Masu sake buga kiɗan kuma su tabbata haƙƙi ya isa ga masu shi ko magadansu. Mu kuma da ke Kudu, wanda duk yake da tsohon faifai a ƙarƙashin gado kada ya bari yara su yi wasa da shi, nawa haka ya salwanta ina ji ina gani. In ka je gida da Sallah ko Kirsimeti, ka tambayi tsofaffin unguwa. In kuwa kana da waya a hannu, ka nemi Sahara All Stars, ka sa wa 'ya'yanka, ka gaya musu daga Jos ne.

Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya kuma ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.