BAƘO RAƁA NE: NASIHA GA MASU NEMAN AIKIN FUROJE

'Yan'uwa na rassan Maradi, Damagaram, Tawa da Birnin Ƙonni, ku kasa kunne.

Kowace shekara samarinmu da 'yan matanmu suna ƙare karatu, su ɗauki takardunsu su nufi Yamai. Abin da suke nema ɗaya ne: aikin furoje, wato aiki da ƙungiyoyin taimako na ƙasashen waje. Ga albashi mai tsoka, ga mota mai tambari. Ba mu ga laifinsu ba, kowa yana son ya ciyar da gidan ubansa. Amma gaskiya ɗaci gare ta, dole mu faɗa.

Furoje baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. 'Yan sa kai na Amurka, Peace Corps, sun zo Nijar a 1962, suka tashi a 2011. Faransa ta dakatar da taimakonta a Yuli 2023. A 2025 gwamnati ta sallami ƙungiyar Red Cross ta duniya, a shekarar kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Direba da akawu da tafinta, ina suka nufa? Wanda sana'arsa duka ita ce cika wa Bature takarda, ranar da aka kulle ofis hannunsa wayam. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kada wani ya ce muna hana 'ya'yanmu aiki da duniya. A'a! Ide Umaru ya riƙe Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989. Hamid Algabid ya riƙe Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Aishatu Mindaudu ta shugabanci aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodibuwa daga 2013 zuwa 2017. Ibrahim Asan Mayaki ya ja ragamar NEPAD daga 2009 zuwa 2022. Ku lura: kowannensu sai da ya yi wa ƙasarsa aiki tukuna, sannan duniya ta kira shi.

Ilmin da ba ya tashi da baƙo yana nan gida. Bayan farin 1973 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, inda ake koyon sanin damina da ruwa da ƙwarin gona. A Sadore, kudu da Yamai, ICRISAT na binciken irin gero. Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen noma.

To, ga aikin kowane reshe. Na ɗaya, ku gaya wa yara su koyi abin da hannu ke riƙewa: rijiya, dabbobi, magani, lissafin kuɗi. Na biyu, duk furojen da ya sauka garinku, ku tambaye shi 'yan gari nawa zai koyar, kuma wa zai gyara famfo in ya tafi. Na uku, wanda ya sami aikin waje ku tuna masa ya koya wa ƙannensa.

A karanta wannan a taron ranar kasuwa, a bayyana wa waɗanda ba su yi boko ba.

Allah ya taimaki Nijar da talakawanta!