Zauren Kimiyya: Ƙanjamaun kyanwa da abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa

Darasinmu na wannan makon zai fito ne daga dabbar da kusan kowane gida ya sani, wato kyanwa, wadda wasu ke kira mage. Duk mun saba jin kururuwar muzurai suna dambe a kan katanga cikin dare. Mu dai abin da ya dame mu shi ne sun hana mu barci. A wajen likitan dabbobi kuwa, wannan faɗan shi ne babbar hanyar da wata cuta ke bi daga wannan muzuru zuwa wancan, domin tana cikin yawu, cizo mai zurfi kuma yana kai ta cikin jiki.

Ana kiran ƙwayar cutar FIV. 'Yar'uwar HIV ce, mai haddasa ƙanjamau a jikin ɗan Adam, kuma ita ma garkuwar jiki take karyawa. Shi ya sa ake ce wa ciwon ƙanjamaun kyanwa. Kafin wani ya tashi korar kyanwar gidansu, bari mu faɗa tun da wuri: FIV ba ta kama mutum, HIV kuma ba ta kama kyanwa. Kama da wane ba ta wane. Dalilin hakan yana cikin ƙwayoyin gado, kuma za mu zo gare shi.

Tambayar da za mu bi ita ce: wannan ƙwayar cuta ba ta zama cikin sel-sel ɗin da muke tunani da su, to ta yaya take lalata su? Me ya sa kuma wani nau'inta ke taɓa ƙwaƙwalwa sosai, wani ba ya yi?

Inda aka gano ta

A shekarar 1986, a garin Petaluma na jihar Kalifoniya da ke Amurka, kyanwoyin wani gida da ake tara waɗanda ba su da masu kula suka riƙa ramewa. Dasashinsu na kumbura, ga gudawa, ga ƙananan cututtuka da ba sa jin magani. Masana biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Niels Pedersen da Janet Yamamoto, suka binciki jininsu, suka ciro wata bairos da ba a sani ba, suka bayyana ta ga duniya a 1987. Ku lura da lokacin: a 1983 aka gano HIV a Faransa. Likitoci na cikin neman dabbar da za su yi nazarin irin wannan ciwo a jikinta, sai ga kyanwa da nata.

Ɗan littafi mai harafi 9,400

A ajin bayoloji mun koyi cewa jikin kowane mai rai an gina shi da sel, kuma a cikin sel akwai DNA, wato rubutun da ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki. Kowane yanki na rubutun da ke ba da umarni guda shi muke kira ƙwayar gado. Rubutun kyanwa ya haura harafi biliyan 2, a jere cikin kuromosom 38; namu kuwa 46 ne. Na FIV gaba ɗaya kimanin harafi 9,400 ne kacal, kuma a RNA aka rubuta shi.

Manyan ƙwayoyin gadonta uku ne, kuma HIV ma na da su. Ta farko, gag, ita ke gina ƙwanson da ke ƙunshe da rubutun. Ta biyu, pol, ita ke samar da kayan aiki: wanda zai kwafe RNA ya mai da shi DNA, da wanda zai liƙa wannan kwafin a cikin DNA ɗin kyanwa. Ta uku, env, ita ke ƙera ƙayoyin da ke jikin rigar bairos, waɗanda take kama sel da su. Akwai kuma ƙanana: vif, da rev, da orfA.

Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na farko, da zarar an liƙa rubutun bairos a cikin DNA ɗin sel, ya zama ɗan gida. Duk lokacin da sel ɗin ya rabu biyu, da rubutun zai rabu. Wannan ne ya sa kyanwar da ta kamu take zama da cutar iya rayuwarta.

Na biyu, mai kwafen nan na pol ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta. Ku ɗauka ɗalibi ne ke kwafar darasi daga allo cikin gaggawa, na kusa da shi ya kwafa daga littafinsa, na uku daga na biyu, babu mai dubawa. Kafin a kai bencin baya, darasin ya sauya kama. Haka FIV take. Yawancin kurakuran na kashe bairos ɗin ne ko su zama ba su da tasiri, amma jefi-jefi wani kan ba ta sabon hali. Ƙwayar env ce ta fi kowace yawan sauyawa, har masana suka yi amfani da ita wajen kasa FIV gida-gida, suna sa musu haruffa A, B, C, D, E da sauransu.

Makulli da ƙofa

Mu ɗauki ƙayoyin da env ke ƙerawa a matsayin makulli. A jikin sel akwai ƙofofi, kowace da irin makullinta. FIV na fara kama wata ƙofa mai suna CD134, sannan ta nemi taimakon ta biyu, CXCR4, ta shige. HIV kuwa da CD4 take farawa. Makullin FIV ya dace da CD134 irin ta kyanwa. Irin ta mutum siffarta ta bambanta, ba ya buɗe ta. Ko da an samu ta kutsa, sel ɗin mutum na da nasa masu tsaro da ba ta san yadda za ta kauce musu ba. Ga dalilin da ya sa kowace ta tsaya a kan dabbarta.

Sel-sel ɗin da suka fi ɗaukar wannan ƙofa su ne fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, musamman waɗanda ke ba sauran umarni. A hankali, cikin shekaru, yawansu na raguwa. Sunan dangin FIV da HIV ma, lentibairos, daga kalmar Latin mai ma'anar sannu-sannu ya fito.

Yadda take tsallake shinge

Ƙwaƙwalwa ba wurin da kowa ke shiga ba ne. Bangon ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinta a matse yake ƙwarai, yana barin sukari da iskar da muke shaƙa su wuce, yana tare yawancin ƙwayoyin cuta. Sai dai shingen na barin wasu fararen ƙwayoyin jini su shiga sintiri. FIV sai ta ɓuya a cikinsu, kamar ɓarawon da ya shiga motar jami'an tsaro, aka ɗaga masa shinge. Gwaje-gwaje sun nuna tana isa ƙwaƙwalwa tun cikin makonnin farko na kamuwa, tun kyanwa na ƙiba abinta.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ma'aikata iri uku da suka shafi darasinmu. Akwai niyuron, masu aika saƙo, waɗanda da su ake gani, da tunawa, da motsa ƙafa. Akwai maikirogiliya, masu gadi da shara. Akwai kuma astirosait, masu siffar tauraro, da ke ciyar da niyuron suna kwashe ragowar sinadaran da ya yi aiki da su.

FIV ba ta hayayyafa cikin niyuron. Masu gadi da masu ciyarwa take kamawa, domin da ɗan gari akan ci gari. Maikirogiliyar da ta kamu sai ta fusata, ta riƙa zubo sinadaran yaƙi ba ƙaƙƙautawa, su kuwa ba sa bambance maƙiyi da maƙwabci. Astirosait kuma sai ya gaza kwashe wani sinadari mai suna gulutamet. Da gulutamet niyuron ke taɓa ɗan'uwansa ya ce masa ga saƙo. Idan ya taru ba a kwashe ba, niyuron ba ya samun hutu, sinadarin kalsiyam ya yi ta kwarara cikinsa har ya illata, wani ma ya mutu. Kamar ƙararrawar makaranta ce da aka bar wa yara suna bugawa dare da rana har ta tsage.

A waje, abin da mai kyanwa zai iya gani shi ne sauyin hali: mai son mutane ta koma ɓuya, ko mai sanyi ta koma faɗa. Barcinta kan rikice, ta manta inda ta saba bayan gida, baƙin tsakiyar idonta ɗaya ya fi ɗaya girma, tafiyarta ta canja, wani lokaci har da farfaɗiya. Amma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka kamu ke nuna waɗannan alamu a fili. Wannan ya kawo mu rabi na biyu na tambayarmu.

Gwajin da ya nuna mai laifi

Masana a Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Christopher Power, sun kwatanta nau'i biyu na FIV. Ɗaya shi ne na Petaluma, wanda ba ya yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna sosai. Ɗayan, mai suna V1CSF, an ciro shi ne daga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka na wata kyanwa mai ciwon ƙwaƙwalwa. A 1998 suka bayyana cewa ɓarnar ta dogara da abu biyu: nau'in bairos, da kuma yadda garkuwar jiki ta karye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, wane ɓangare na V1CSF ne ke jawo ɓarnar? Nan ne dabarar take, kuma muna so masu sha'awar kimiyya su bi ta da kyau. Suka ɗauki nau'in Petaluma, suka sa masa env ta V1CSF a madadin tasa. Yanzu suna da bairos uku: mai sauƙi, da mai tsanani, da ruwa-biyu wadda jikinta na mai sauƙi ne, makullinta na mai tsanani. Suka zuba kowace a kan fararen ƙwayoyin jinin kyanwa da ake renonsu a faranti. Duka ukun sun hayayyafa daidai wa daida. Daga nan suka ɗebi ruwan da ke kan kowane faranti suka zuba wa niyuron. Ruwan V1CSF da na ruwa-biyun suka fi na Petaluma kashe niyuron nesa ba kusa ba. An buga sakamakon a 2002.

Tunda duka ukun sun yi yawa iri ɗaya, ba za a ɗora laifin a kan yawan bairos ba. Tunda env kaɗai aka sauya, ita ce ta kawo bambancin. Ashe makullin ba buɗe ƙofa kaɗai yake yi ba: siffarsa na shafar yadda sel ɗin da ya kamu zai fusata, da yawan dafin da zai zubar. Wannan ita ce ƙa'idar da malamanku ke nanatawa a ɗakin gwaji: sauya abu ɗaya, ka bar sauran yadda suke.

Me ya shafe mu?

HIV ma haka take yi a jikin mutum. Tana shiga ƙwaƙwalwa da wuri, ta zauna cikin maikirogiliya, kuma idan ba a sha magani ba tana iya kawo mantuwa da sanyin tunani. Abin da aka koya daga kyanwa ya taimaka wajen fahimtar wannan. Maganin AZT, na farko da aka amince da shi don HIV a 1987, mai kwafen nan na pol yake tarewa, kuma yana tare na FIV ma. Magungunan da ake ba masu HIV a yau suna danne bairos, su bar garkuwa ta farfaɗo, da haka suke kare ƙwaƙwalwa. Don haka wanda ke shan maganinsa kullum, ɗan ajinmu ne ko maƙwabci, ƙarfafa masa gwiwa ya kamata mu yi. Tsangwama ce ke sa mutane ɓuya har su daina zuwa asibiti.

Dangin FIV ba su tsaya ga kyanwar gida ba. Yawancin manyan zakunan dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya na ɗauke da nasu nau'in, wanda suka daɗe tare da shi. A 2011 kuma, masana a asibitin Mayo na Amurka sun sa wa kyanwoyi ƙwayar gadon wani biri mai hana FIV yaɗuwa cikin sel, suka haɗa da wata daga halittar teku mai ƙyalli don su gane waɗanda dashen ya kama. 'Ya'yan da aka haifa kan yi kore shar idan an haska su da shuɗiyar fitila.

Ga mai kyanwa a gida, babu maganin da ke fitar da FIV, amma da yawa na yin shekaru cikin ƙoshin lafiya idan ana ciyar da su da kyau ana kuma magance ƙananan cututtuka da wuri. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita. Dandaƙe muzuru na rage masa yawo da faɗa, saboda haka yana rage yaɗuwarta.

Sai gargaɗi ɗaya da ba ma so ku manta. Idan kyanwa ta sauya hali farat ɗaya, tana cizo ko dalalar da yawu, kada ku ce ai FIV ce, ba ta kama mutum. Ciwon haukan kare ma na kama kyanwa, yana nan a ƙasarmu, kuma shi yana kashe mutum. Kada ku taɓa ta. Ku faɗa wa manya a kira likitan dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce da shi asibiti a ranar.

Tambayar mako

A gwajin Calgary, a ce ruwa-biyun ta fi sauran hayayyafa a faranti, shin masanan za su iya cewa siffar env ce ta ƙara dafin? Me ya sa? Ku tattauna da malamin bayoloji da abokan karatu, ku rubuta amsarku cikin jimla biyar. Za mu kawo tamu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.