Tuwo Da Zane Kaɗai Ba Su Ishi Uwa Ba

Wannan mako ina so mu yi magana a kan iyayenmu mata waɗanda suka gama renon 'ya'ya, suka aurar da su, gida ya yi shiru.

Da yawa daga cikinmu muna zaton in mun aika wa uwa da hatsi da turmin atamfa lokacin Salla, to, mun sauke nauyi. In ta ɗauki tsintsiya sai mu ce, "Inna, ajiye, ki huta." Niyyarmu mai kyau ce, amma macen da ta shekara arba'in tana tashi tun asuba, ba ta jin daɗin zaman jiran akushi. Zaman banza shi ke kawo tunani, tunani kuwa shi ke karya tsoho.

Ku dubi abin da magabata suka yi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattijai mata ta zaɓa ta naɗa su jaji. Ta kan ba jaji malfa da jan ƙyalle, ta koya mata karatu cikin waƙa, ita kuma ta koma ƙauyensu ta koya wa 'yan'uwanta mata. Su ne ake kira 'Yan Taru. Ta ga tsohuwa tana da sarari, ana kuma jin maganarta.

Ga kuma Baba ta Karo. Ta haura shekara saba'in sa'ad da ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta. An buga littafin a 1954, har yanzu ana karanta shi a manyan makarantu. Kowace tsohuwa tana ɗauke da irin wannan labari, mai tambaya ne babu.

To, me za mu yi? Da farko a zauna a tambaye ta abin da ranta ke so, kada a yanke mata. Wata karatu take sha'awa tun tana yarinya, aure ya hana ta. A kai ta ajin yaƙi da jahilci ko Islamiyyar matan aure, a saya mata littafi da fensir. An ce gemu ba ya hana ilmi, furfura ma haka. Wata kuwa sana'arta take so ta koma, ko daddawa, ko ƙuli-ƙuli, ko kiwon awaki. A ba ta ɗan jari, a bar mata ribarta ta zuba adashi, ta yi gudummawar biki da kuɗin hannunta. In idonta ya dushe, a kai ta asibiti, don yanar ido ana cire ta, tabarau kuma yana taimako.

Ku kuma 'yan makaranta, in an yi hutu ku sami littafin rubutu ku zauna kusa da kaka. Ku rubuta tatsuniyoyinta, da sunayen kakanninku, da yadda take haɗa yajin jego. Za ku ga yadda fuskarta za ta sake.

Kowacce ta tuna, yadda muka yi wa namu, haka 'ya'yanmu za su yi mana. Allah ya ba mu ikon kyautata musu, amin. Sai mako mai zuwa.