Aikin da Bai Bar Kwamfutarka Ba

A ranar 3 ga Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mako biyu aka ce. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma yankuna irin su Anka da Gummi da Bukkuyum sun shafe kusan wata uku a rufe.

Mu ƙaddara akwai matashi a Anka da ke rubuta wa wata ƙungiyar lafiya manhaja a lokacin. Aikinsa ba zai tsaya ba, domin Git, tsarin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don kula da sauye-sauyen Linux, ba ya neman intanet kafin ya adana gyara. Duk sa'ad da ya ba da umarnin git commit, an rubuta abin da ya canza, da sunansa, da lokacin. Sai dai rubutun yana cikin kwamfutarsa kaɗai. Abokan aikinsa na Kano ba su ga ko layi ɗaya ba har sai ya ce git push, wato ya tura gyaran zuwa rumbun haɗaka da kowa ke ɗiba, a GitHub ko makamancinsa.

A ganina, a ƙasa irin tamu, aikin da ba a tura ba bai kamata a ƙirga shi cikin wanda aka gama ba. Kwamfuta ana sace ta, ana ƙwace ta a hanya, wutar da ta dawo da ƙarfi tana ƙone ta. Ga kuma wata asarar da ba a cika lura da ita ba: idan abokanka sun ci gaba da turawa kai kana shiru, ranar da ka zo da naka rumbun zai ƙi karɓa. Dole ka fara jawo nasu, ka zauna kana sasanta duk layin da kuka taɓa tare. Gyaran kwana ɗaya minti biyar ne. Na wata uku kan ci mako. A nan shaiɗan ke raɗa wa mutum ya tura da ƙarfin tsiya, wanda Git ya ba da damarsa, ya kuma shafe gumin wasu. Shugaban aikin da bai kulle babban reshe daga irin wannan ba, da shi za a raba laifin.

Saboda haka sabis na dawowa, ko da rabin sa'a ne, a tura. Haruffa ne, ba su kai nauyin bidiyon biki ɗaya na WhatsApp ba.

Amma ba komai ake turawa ba. Bagega na cikin garuruwan da gubar dalma ta yi wa ɓarna, annobar da aka gano a 2010 wadda ta kashe yara sama da 400 a jihar, kuma likitocin MSF sun yi shekaru suna auna jinin yaran yankin. Manhajar da ke sarrafa irin waɗannan bayanai rumbu ne wurinta. Sunayen yaran da sakamakon gwajinsu, da kalmomin sirri, haram ne su bi ta. Git ba ya mantuwa: ko ka goge fayil ɗin washegari, yana nan cikin tarihi, kuma duk wanda ya jawo a daren yana da kwafinsa.