Yawon goya jaka: idan gani ya kori ji

A titin Khao San na birnin Bankok, a ƙasar Tailan, da zarar magariba ta yi zauren kowane masaukin matasa yakan cika. Ga Bajamushe, ga ɗan Brazil, ga ƴar Koriya, kowa ya jingine ƙatuwar jakarsa ta goyo a gindin gado ya fito hira. Tambayoyin da ake buɗe zance da su ba sa wuce uku: daga ina, ina aka biyo, ina aka nufa. Duka da Ingilishi ake yin su. A bakin ƙofa kuwa mutanen gari na ta ciniki da harshensu mai karin sauti biyar, wanda yawancin baƙin ba su riƙe kome daga cikinsa ba sai gaisuwa da godiya.

Wannan salon yawo yana da asali mai kyau. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ne a 1909 ya kawo shawarar a samar wa ɗalibai wurin kwana mai arha domin su fita su ga ƙasa, aka kuma buɗe masauki na dindindin na farko a fadar Altena a 1912. A 1972 aka fito da tikitin Interrail, wanda ya bai wa matasan Turai damar ratsa ƙasashe da dama a jirgin ƙasa da biya ɗaya. Shekara guda bayan haka Tony da Maureen Wheeler suka buga littafin jagora da ya zama tushen Lonely Planet. Sannu a hankali tafiya ta daina zama ta masu hannu da shuni kaɗai: gadaje masu hawa biyu, ɗaki ɗaya na mutum takwas ko goma, madafi na kowa da kowa.

Sai dai akwai abin da ya kamata ɗalibin kimiyyar harshe ya tsaya a kansa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yana nufin shaidar ido ta fi labari. Amma a Hausa ji yana da wata ma'ana: wanda ya iya harshe, cewa ake yi yana jin sa. A wannan ma'ana ta biyu ne karin maganar ya faɗa wa masu goya jaka. Matashi yakan ratsa ƙasa shida cikin wata biyu, wayarsa ta cika da hotunan wuraren bauta da kasuwanni, ya koma gida bai ji kowa ba sai ƴan'uwansa matafiya. Fasfonsa ya sha hatimi, kunnensa bai bar gida ba.

Ingilishin zauren masauki shi kansa abin nazari ne. Jimlolinsa gajeru ne, ba karin magana, ba habaici, kalmomi kaɗan ke ɗaukar aiki mai yawa. Wani Bafaranshe, Jean-Paul Nerrière, ya raɗa wa irinsa suna Globish, ya ce kalmomi 1,500 sun ishe shi. Har akan ga ɗan Japan da ɗan Italiya sun fahimci juna cikin sauƙi, alhali Baturen Ingila, mai harshen, shi ne ake ta roƙo ya maimaita. Ba laifi ba ne mutane su sami harshen hulɗa. Abin tambaya shi ne wa ke ɗaukar wahalar fahimtar. Mai tuƙa adaidaita, da mai sayar da abinci a bakin titi, da yarinyar da ke share ɗakuna, su ne dole ta sa suka koyi harshen baƙo domin neman abin kai wa baki. Baƙon da ya zo da sunan sanin ƙasarsu bai ga dalilin koyon nasu ba.

Wani zai ce ai Hausa ma ta yi haka, kuma yana da hujja. Fataken da suka yi ta zuwa Gwanja fataucin goro sun kafa zango a Salaga, daga baya a Kumasi da Ankara, inda maigida ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki. A waɗannan zangunan Hausa ta zama harshen da Bamoshe da Bazabarme da Bayarabe ke haɗuwa a kansa. To, ina bambancin? Bambancin yana ga zama. Falke yakan yi watanni, wani ya yi aure, wani ya tsufa a can. Shaidar tana cikin harshen kansa: Gananci, wato Hausar ƙasar Gana, ya saki bambancin jinsi, har a ce mace “ya zo”, ya kuma aro kalmomi daga harsunan da ya tarar. Harshen baƙo ne ya sunkuya ya ɗauki kamannin masaukinsa. Mai kwana uku a gari ba ya barin irin wannan sawu, ba ya kuma tafiya da shi.

Ƙasar nan ma ta ga matafiyan da suka yi tafiya da kunne. Heinrich Barth, wanda ya iso Agadas a 1850 da sunan Abdul Karim, ya bi ta Damagaram, ya iya Hausa da Barbarci, ya kuma tattara kalmomin harsuna da dama. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, ba don Allah ya zo ba, amma rubutunsa ya rayu saboda ya saurari mutane da harshensu. Ɗorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi shi zuwa Turai, ya ga London da idonsa, ya ba da labarinta da Hausa, J. F. Schön ya rubuta. Har yau masana na komawa ga maganarsa domin sanin yadda Hausa take a wancan zamani.

Gaskiya ne ƙofar wannan yawo ba a buɗe take ga kowa daidai ba. Wanda ke riƙe da fasfon Jamus yakan tsallaka iyakoki da yawa ba biza, ɗan Nijar kuwa sai ya cika takardu, ya nuna abin da ke asusunsa, sau da yawa a hana shi. Amma wannan ba ya rage wa ɗalibin Yamai ko Tawa kome a fagen da ya fi muhimmanci. Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Difa ta haura kilomita 1,300. A kanta akwai Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, akwai kuma Hausa kala-kala, daga Arewanci zuwa Gobiranci da Damagaranci. Tashar mota ɗaya a wannan hanya ta fi zauren masaukin Bankok yawan harsunan da ake ji da gaske.

Saboda haka duk ɗalibin da Allah ya hore wa tafiya, kusa ko nesa, ya sauka a masaukin matasa in shi ne aljihunsa zai iya, ya yi abokai, ba wanda zai hana shi. Amma ya sa littafin rubutu a jakarsa. Ya koyi ƙidaya da ciniki da neman gafara kafin ya isa. Ya rage yawan garuruwa ya ƙara yawan kwanaki, ya keɓe wa masu gari ko da yamma ɗaya cikin biyu, ya yarda a yi wa gwarancinsa dariya. In ya dawo, sashen harsuna ba zai tambaye shi ƙasa nawa ya gani ba. Zai tambaye shi mutum nawa ya ji.