Wasiƙa zuwa ga masu haɗa kiɗa a kwamfuta, daga Arlit har Tchibarakaten

Ƙannena da abokan sana'a,  

Tambaya guda ce kuke yawan aiko mini: "Yaya, na sayi katin sauti, wane filogin zan zuba masa?" Na sha amsa wa mutum ɗaya-ɗaya a waya, sai na ga gara in rubuta a wuri guda kowa ya samu.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A zuwana na ƙarshe Tchibarakaten, garin da zinariya ta kafa tun 2014 can kusa da iyakar Aljeriya, wani yaro ɗan Damagaram ya ja ni rumfarsa. Haƙa ta kai shi, ya tara abin da ya tara, ya sayi tsohuwar kwamfutar cinya da jan katin Focusrite Scarlett da makirfo guda. Rumfar ta kwano ce da tamfol, ya rataya barguna a bango don su tare ƙarar injinan niƙa dutse. A gefe ga wani mawaƙi zaune kan jarka, ya biya kuɗin waƙar da zai aika wa amaryarsa a gida. Yaron ya danna, kiɗa ya taso, bai yi daƙiƙa goma ba ya fara tsattsagewa kamar ana yaga tsumma. Ya tsayar, ya sake dannawa, haka dai. Janareto na ta shan mai a waje, kuma kun san kuɗin lita a can. Da na duba, filogin da ke cikin kwamfutar sun fi ɗari, kuma a waƙar nan kaɗai ya buɗe manyan sinti shida. Ya dube ni ya ce, "Yaya, katin ne ba shi da ƙarfi, zan sayar in sayi babba." Wallahi ya ba ni tausayi, domin katinsa lafiya lau yake.

Ku riƙe wannan da kyau: irin katin da mafi yawanmu muke da shi, Scarlett ne ko Behringer ko M-Audio, ƙofa ce kawai. Yana karɓar murya da jita ya mayar da su lambobi, ya kuma mayar da lambobin sauti ya miƙa wa sifika. Yana ba makirfon kondensa wutarsa ta 48V. Iyakar aikinsa ke nan. Sinti da eko da duk wani filogin, furosesan kwamfuta ne ke ɗaukar nauyinsu, da RAM ɗinta. Akwai katunan da ke da nasu furosesa a ciki, kamar Apollo na Universal Audio, ko Pulsar da kamfanin Creamware na Jamus ya yi a ƙarshen shekarun 1990, amma abin da ke gudana a cikinsu sai filogin da aka ƙera musu. Wanda zai zuba miliyan a irin wannan kati alhali kwamfutarsa na da RAM giga 4, ya ɗora wa jaki sirdin doki ne. Saboda haka kafin ka tambayi wane filogin, duba kwamfutarka tukuna. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abu ɗaya da katin yake da hannu a ciki shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin taɓa tsirkiya da jin sautin a kunne. Ka sauke direban ASIO na kamfanin da ya ƙera katin. ASIO4ALL na wanda katinsa bai zo da nasa direba ba ne, kamar Behringer UM2. Sannan ka san bafa. A 44.1 kHz, bafa 128 jinkirinta bai cika kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, kamar ka tsaya mita ɗaya daga amfilifaya. Bafa 1024 kuwa kashi 23 ne, kusan mita takwas, kuma idan sautin ya shiga ya fito abin ya ninka. Mai jitar da ya saba da kiɗan biki a Agadas zai ji wannan nan take, hannunsa ya rikice. To lokacin ɗauka ka rage bafa zuwa 128 ko 256, ka kashe manyan filogin, ko ka danna maɓallin jin kai tsaye da ke jikin katin. Lokacin haɗawa ka ɗaga ta zuwa 1024, kwamfuta ta samu numfashi. Wannan muka yi wa yaron can, muka kuma mayar da layukan sintinsa sautin WAV muka rufe su, waƙa ta tafi sumul.

Game da sinti, shawarata biyu sun ishe ka, uku in ka matsa. Mai aiki da FL Studio yana da 3x Osc da Sytrus da FPC tun daga gida, kuma da yawanku ba ku taɓa buɗe su kun murɗa ko maɓalli ɗaya ba. In kana son ƙari, akwai na kyauta waɗanda masu su da kansu suka saki: Surge XT, da TAL-NoiseMaker mai sauƙin nauyi, da Dexed wanda ke kwaikwayon Yamaha DX7 na 1983, mai sautin ƙararrawa da fiyanon lantarki da kunnenmu ya saba da su a tsofaffin kasusuwa. Vital ma kyauta ne kuma yana da kyau, sai dai yana wahalar da tsohuwar kwamfuta. Omnisphere kuwa, ma'ajiyar sautinsa kaɗai ta kai giga 64. Da wace intanet za ka sauke shi a Tchibarakaten, kuma a wane faifai za ka ajiye? Kuma zafin wurinmu ba wasa ba ne. Kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga filogin da ya yi aiki da asuba ya ƙi yi da azahar. Ka ɗaga ta daga kan tebur iska ta ratsa ƙarƙashinta, ka riƙa hure mata ƙura.

Akwai tambayar da za ka yi kafin ka biya ko sisi: wannan filogin, yana aiki ba intanet? Ni an taɓa ba ni kunya a kan haka. Na sayi wani na gyaran murya da kuɗina, halal, na ɗauke shi zuwa daji don ɗaukar waƙoƙin wani ango. Ranar aiki na buɗe, sai ya ce sai ya gaisa da kamfaninsa ta intanet kafin ya tashi. Babu layin waya a wurin, mutane sun taru, na yi ta gumi. Tun daga ranar ba na sayen abin da lasisinsa ke rataye a sama. Wanda ake buɗewa da lamba sau ɗaya, ko wanda lasisinsa ke zaune a ɗan makullin USB, shi ne namu. Na kuma san yawancin abin da ke yawo a faifan da ake kwafa a kasuwa fasassu ne. Ban zo yi muku wa'azi ba, na san halin aljihu da wahalar biyan kuɗi ta intanet daga nan. Amma fasasshen filogin shi ne ke rufe aiki ana tsakiyar ɗauka, shi ne ke shigo da cutar da ke cinye waƙoƙin shekara guda. Zanen aro ba ya rufe katara. Reaper ana gwada shi kwana 60 kyauta, lasisinsa dalar Amurka 60, saukewarsa ba ta kai nauyin ɗan gajeren bidiyo ba, kuma yana zuwa da kayan gyaran sautinsa. Mai sayen FL Studio kuma ya lura, ƙaramin bugun da ake kira Fruity ba ya ɗaukar murya, sai daga Producer zuwa sama.

Kayan gyaran sauti huɗu ne ginshiƙi: ikwalaiza, kwamfuresa, eko, da amon ɗaki. Na cikin manhajarka sun isa, in ka ƙara TDR Nova da Valhalla Supermassive, duka kyauta, ka wuce buƙata. Abin da nake roƙonku shi ne ku daina neman filogin ya gyara ɓarnar da aka yi tun wajen ɗauka. Gurnanin nan da kuke ji a ƙarƙashin jita, na wuta ne, 50 Hz da 'ya'yansa. Wutar janareto kuma ba ta tsayawa cak, tana hawa tana sauka, shi ya sa in ka yanke gurnanin a wuri ɗaya sai ya ɓullo a gefe. Maganinsa ka cire caja, ka ɗauka da batir, ka matsar da janareto nesa, ka juya mai jita har ka sami fuskar da ƙarar ta lafa. Ka soka jitar a ramin da aka rubuta INST, in ba haka ba za ta fito a dushe. In kuwa mai jitar ya zo da ɗan amfilifayansa, ka kafa masa makirfo a gaba ka ɗauki abin da kunnensa ya sani. Sautin da Bombino da Etran de l'Aïr suka kai duniya a filin biki aka haife shi, ƙura na tashi, amfilifaya na kuka.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato Auto-Tune. Kamfanin Antares ya fito da shi a 1997, kuma Kano ta karɓe shi hannu bibbiyu a waƙoƙin nanaye. Ni ba na cikin masu zaginsa. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da muryar Auto-Tune da gangar inji irin ta finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi katin memori da bulutus daga waya zuwa waya har suka ratsa Sahara, Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya tsinci ɗaya ya sa a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, daga nan ƙofa ta buɗe. To amma can an yi shi ne da niyya, a matsayin ado. Abin da nake ji a wayoyinku daban ne: an buɗe filogin, an bar shi a kan duka sautuka goma sha biyu na fiyano, muryar tana ta rawar ɗari tana neman wurin zama. Yawancin waƙoƙinmu, na Hausa da na Tamashek, a kan sautuka biyar suke tafiya. Ka nemo su a fiyano, ka kashe sauran bakwai ɗin a cikin filogin, ko Pitcher kake amfani da shi, ko Graillon, ko MAutoPitch. Sannan ka sassauta saurin kamunsa. Mawaƙiyar tende tana zamewa ne daga sauti zuwa sauti, a cikin zamiyar nan daɗin yake, kuma in ka matse filogin sai ya daddatsa ta kamar matakalar bene. Wata muryar ma ka bar ta yadda Allah ya yi ta.

Haka abin yake a kiɗa. Takamba da tende a uku-uku suke tafiya, kuma makaɗi yana ɗan jan jiki ko ya ɗan yi gaba. In ka tilasta su kan layukan hurhuɗu da manhaja ke buɗewa da su, ka jera kowane bugu daidai wa daida, an kashe rawar. Ka sauya layukan zuwa uku-uku, ko ka buga da hannu ka bar shi.

Sannan ku duba duk manyan sintin nan da kuke kwaɗayi, ku nemo mini kalangu na gaskiya a ciki, mai matsewa a hammata yana magana. Ku nemo gurmi, ko imzad, ko tende da aka ɗaure fata a bakin turmi aka yayyafa mata ruwa. Za ku tarar da tabla ta Indiya da darbuka ta Masar da jembe, namu kuwa da wuya. Situdiyoyin Kano sun daɗe suna lallaɓa sautukan fiyanon Yamaha PSR su yi kama da na gida, don abin da suke da shi ke nan a lokacin. Ku kuna da makirfo da kati. Ka kira makaɗi da sassafe kafin injina su tashi, ka biya shi haƙƙinsa, ka gaya masa abin da za ka yi da sautin. Ya buga maka kowane bugu sau biyar, a hankali da kuma da ƙarfi. Ka yanyanka, ka jera a FPC ko wani samfila, ka sa wa kowanne suna. Tafin mata ma haka, da guɗa. Yini ɗaya zai ba ka abin da babu mai shi a Legas ko Faris.

Ba yau aka fara yin abu mai kyau da kaɗan a ƙasar nan ba. Mamman Sani da ogan guda ƙirar Orla ta Italiya ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, ya ɗauki waƙoƙin gargajiyarmu, kuma da aka sake buga kundin a 2013 Turai da Amurka suka saurara. Hama, shi ma a Yamai, da FL Studio ya haɗa Houmeissa na 2019. A nan Arlit marigayi Abdallah Oumbadougou ya buɗe makarantar koyon kiɗa, yara suna karɓa-karɓar jita. Tun da kamfanin haƙar ma'adinai na Cominak ya rufe a Akokan a watan Maris na 2021 samari da yawa suka nufi ramukan zinariya, wasunku kuma suka dawo da kwamfuta a jaka. Ina alfahari da ku.

In ka gama haɗa waƙa, kada ka yanke hukunci da hedifon. Mai sauraronka yana bakin rami ko bayan Hilux, da ƙaramar waya mai sifika ɗaya. Irin wannan sifika kusan ba ta fitar da abin da ke ƙasa da 200 Hz, saboda haka bes ɗin da ke girgiza maka kai a ɗaki can ba a jin sa, sai ka ɗan ƙona shi da filogin mai sa kaushi ya sami 'ya'ya a sama. Ka haɗe dama da hagu su zama ɗaya ka ji ko jita ta ɓace. Ka tura waƙar a wayarka, ka fita wajen mai shayi inda janareto ke ruri, ka ajiye ta a kan benci. In ana jin kalmomin mawaƙi ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa wa mai ita. In ba a ji, ka koma ka rage amon ɗaki, ka ɗaga murya. Kuma kowace waƙa ka kwafe ta a wuri biyu kafin ka kwanta.

Wanda ya shigo Arlit ya zo da kwamfutarsa mu zauna mu duba tare. Ku gaishe mini da mutanen rumfa, da makaɗanku. Allah ya tsare ku a hanya, ya sa albarka a sana'a.

Wassalam,
Yayanku a sana'a, daga Arlit.